Ƙyauren da Aka Ɗaure Ni a Kansa

Tun da Ladi ta dawo daga bikin da aka yi a garinmu na asali ta kasa haɗa ido da ni, na san an gaya mata. Ba ta tambaye ni ba, ku ma ƙannenta ba wanda ya tambaye ni, amma ina ganin yadda hira take mutuwa in na shigo. To, gaskiya ne. An ɗaure ubanku wata uku, kuma abin da aka rubuta a takardar alƙali sata ce. Na daɗe ina ganin yin shiru shi ne mutunci. Yanzu waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun rasu, saura masu ɗauko magana a bakin wani, su ƙara mata gishiri. Gara ku ji daga wanda aka ɗaure.

Gidanmu yana wani ƙauye ne gabas da Dandamisa. Baba ya koyar da karatu shekaru da yawa, amma a lokacin da nake ba ku labari idonsa ya tafi, sai dai ya gane rana da inuwa. Ragamar gida tana hannun wana Dauda, wanda kuka sani da Baba Dauda, ni kuma ina bin sa a gandu. Muna da gonar tudu, muna da fadamar rake a bakin rafi, kuma fadamar nan ita ke riƙe da gidan. Kusa da zaure akwai wata kafa mai faɗi a jikin katanga, inda jakuna ke shigowa da kaya. Tun tasowata da ƙaya da kara ake toshe ta. Awakin maƙwabta sun san hanyar fiye da mu. Inna ba ta isa ta shanya gero ta shiga ɗaki ba. Wata rana da hantsi jakin wani ya shigo yana jan igiya, Baba ya fito alwala, igiyar ta harɗe shi ya faɗi a kan turmi. Kwana goma yana salla a zaune. Kowa ya yi Allah wadai da jaki da mai jaki, aka sake jawo ƙaya aka toshe, aka ci gaba da zama.

Ni abin bai bar raina ba. Na yi ci-rani sau uku a Zariya a hannun wani kafinta, na dawo da zarto da guduma da kurfi, da ɗan abin da hannu ya koya. A daminar shekarar da aka sami 'yancin kai iska ta kayar da wani maɗaci a iyakar gonarmu ta tudu. Dauda ya ce a faskare a yi itacen girki. Na roƙe shi ya bar mini, a gaban Baba da Inna.

"Ɗauki, in wahala kake so," in ji shi. "Naka ne. Ni ban ga abin da ƙaya ta kasa yi ba."

Ku riƙe wannan maganar, domin da bakinsa ya faɗe ta.

Na je Makarfi na ɗauko masu yankan katako su biyu. Muka haƙa rami, muka mirgina gungumen a kai, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da dogon zarto, kwana shida suna ja. Na jera katakon a ƙarƙashin rumfa, na sa tsinke tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, na bar shi ya bushe a inuwa. Ɗanyen maɗaci in ka yi gaggawa da shi murɗewa yake yi. Rani ya wuce, damina ta wuce, mutane suna wucewa suna tambaya ko akwatin aure zan yi. A wannan tsakanin na auri uwarku Hajara, aka kawo ta daga Paki, ta tarar da katako a rumfa kamar wani ɗan gida. Sai da aka gama girbi na biyu na sauko da shi, na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa, sannan na fara.

Ƙyaure biyu na yi, na dama da na hagu, kowanne katako biyar a tsaye. A baya na gitta sanduna uku, na ƙara ɗaya a karkace daga ƙasa zuwa sama don kada nauyi ya sa bakinsa ya sunkuya. Ba ni da abin goge katako irin na kafintocin birni, da gizago na daidaita fuskarsa kaɗan kaɗan, in ɗora wannan a kan wancan in duba ko haske na ratsawa, in sauke in sake sassaƙa. Wani maƙeri a Dandamisa ya ƙera mini ƙusoshi masu manyan kai, da sakata, da ƙarafan da ƙyauren zai rataya ya riƙa juyawa a kansu. Ginshiƙan na ƙirya ne. Na babbake gindinsu, na shafa baƙin mai na mota saboda gara, na binne su har gwiwa, na danna duwatsu. Na rataya sau uku ina saukewa, don na hagu yana shafar ƙasa. Dauda yana zaune a bakin zaure yana shan rake yana kallona, bai taɓa kama mini ko gefe ɗaya ba.

Gamawar ta fi ginin cin rai. Na fasa kwalba na kankare kowane katako har ya daina kama tsumma. Na bi da yashi mai laushi. Inna ta ba ni man kaɗanyarta, na ajiye a rana ya narke, na shafa, na bari ya sha, na sake shafawa, har sau uku. Katakon ya fito ja mai duhu, jijiyoyinsa suna gudu kamar ruwa. Hajara, da cikinta ya tsufa a lokacin, takan tsaya daga nesa ta ce, "Malam, ka bar shi haka, zai ƙare a hannunka." Ranar da na gama na kamo hannun Baba na kawo shi. Ya shafa daga sama har inda hannunsa ya kai a ƙasa, ya bi mahaɗin katakon da farce bai sami inda zai shiga ba, ya tura da yatsa ɗaya ya ji ya tafi ba ƙara. Ya ja sakata ya mayar, ya sake ja.

"Tanimu, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Allah ya yi maka albarka."

Baba ba mai yabo ba ne. A iya sanina da shi, ranar kaɗai ya faɗa mini haka ba a kan gaisuwa ba.

Ƙyauren bai cika wata biyu a jikin katangarmu ba. Lokacin haihuwa ya matso, na raka Hajara Paki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a cikin fari. Kwana huɗu na yi. Da na dawo, tun daga nesa na hangi ginshiƙai biyu tsirara, da ƙaya a tsakaninsu. Na shiga na tarar da Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Kun san ba ta kiran sunan Dauda, ɗan fari ne.

"Yayanka ya ba mai gari aro," in ji ta. "Wai babban baƙo zai zo daga birni. Kwana uku za a dawo da shi."

A shekarun nan manyan siyasa sun fara zagaya ƙauyuka da mota, kowane mai gari yana so a ga ƙofar gidansa ta fi ta wani. Namu ya ɗaga sabuwar katanga, ba shi da abin rufewa. Dauda kuwa ya daɗe yana so a sa sunansa a aikin awo a rumfar auduga, kuma mai gari ne ke ba da suna. Ban ji daɗi ba, amma na haɗiye. Aro ne, na ce a raina. Baƙo ya zo, aka yi kiɗa, aka yi jawabi, ya tafi. Aka ce da zai shiga ya tsaya ya dafa ƙyauren ya yaba, mai gari ya ce ai aikin garinsa ne, shi da kansa ya sa aka yi masa. Kwana uku suka wuce, mako ya wuce. Na tambayi Dauda ya ce in yi haƙuri. Ranar da na ga ba zan iya ƙara jira ba, na bi ta ƙofar gidan mai gari don in gani da idona.

Sun shafa masa fenti. Kore, mai kauri, irin na jikin motar kaya. Wanda ya shafa ko goge man bai yi ba, fentin ya yi ta zuba yana daskarewa guda guda. Ya shafe kan ƙusoshi, ya shafe sakata har ta daina shiga. Na tsaya a wurin ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Na sami Dauda a fadama yana ɗaure rake.

"Yaya, aro ake yi wa fenti?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa. "Na bar masa."

"Ka bar masa me? Naka ne?"

"Na gidan ne, ni kuma ke riƙe da gidan. Tanimu, zamani ya juya. Yanzu wanda ba shi da mutum a sama, ko gonarsa ba tasa ba ce. Katako ne fa. In na sami aikin nan, gidan gaba ɗaya zai ci. Ka sake yin wani."

"Da wane maɗacin? Da wace shekara biyun?"

"Ka rage murya, da wanka kake magana."

Na rage. Haka aka rene mu. Kuma kada wani ya ce muku ban bi hanya ba. Sau uku na je gaban mai gari, na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa har ta ƙare. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce in je in yi magana da wana. Na uku bai bar ni na gama ba.

"Ranka ya daɗe, ƙyauren nan ni na..."

"Kyautar da babba ya yi, ƙarami ne zai zo karɓa? A gidan Malam aka koya maka haka?"

Fadawansa suka yi dariya. Na tashi na sa takalmina. A makon nan aka kira sunan Dauda a aikin awo.

Na yi wa Baba magana, ya ce in bar wa Allah. Na yi wa Inna, ta yi kuka ta ce kada in ja wa gida abin da ya fi ƙarfinsa. Ba wanda ya ce Dauda ya yi daidai, kuma ba wanda ya ce masa bai yi ba. Wannan shi ya fi ƙona ni. Kowace safiya ni ke janye ƙaya in fitar da jaki, in wuce tsakanin ginshiƙan da na binne da hannuna.

Ranar wata Laraba da hantsi, mutane cike a ƙofar gidan mai gari, na je. Ban ɓuya ba, ban rufe fuska ba, na yi sallama da ƙarfi. Na san yadda na rataya shi, don haka na san yadda ake sauke shi. Na sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar tsakiya na ɗaga, na dama ya fita daga ƙarfensa. Na ɗora a ka na bi tsakiyar gari da shi, fenti yana manne mini a hula. Ba wanda ya tare ni, mamaki ya riƙe su. Na kai gida na rataya shi a ginshiƙinsa, ya zauna daram. Da na tsaya a nan, wataƙila da an sasanta. Amma ƙyaure ɗaya ba ya rufe ƙofa. Na koma ɗauko na hagu. A nan fadawa huɗu suka kama ni, suka ɗaure hannuna ta baya da igiyar jaki, aka zaunar da ni a rana har azahar, kowa na wucewa yana kallo.

Ban ga laifin alƙali ba, ko a lokacin. Dattijo ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama. Ya tambayi Dauda, Dauda ya ce itacen na gandu ne, shi ya bayar kyauta. Na ce a gaban mahaifinmu ya bar mini itacen, a tambaye shi. Alƙali ya ɗaga zama, ya ce a kawo Malam. Na koma inda aka tsare ni hankalina kwance. Baba bai taɓa yin ƙarya ba a sanina. Mutumin da ya hana mu cin mangwaron da ya faɗo daga bishiyar maƙwabci zuwa cikin gidanmu.

Aka kawo shi a kan jaki, aka zaunar da shi a tabarma. Alƙali ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya ce, "Malam, ƙyauren nan na wane ne a cikin 'ya'yanka?"

Baba ya gyara zama. Yana ta murza bakin rigarsa.

"Allah ya gafarta malam, gida yana hannun babban. Abin da ya bayar, ya bayu."

"Ƙaramin ya ce an bar masa itacen a gabanka."

"Na tsufa. Ba kowace magana nake riƙewa ba."

Na ce, "Baba." Sau ɗaya na faɗa. Bai juyo ba, ko da yake ya san ta inda muryata take.

Wata uku aka yanke. Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, ba wurin da ɗa zai so ya hango ubansa ba ne. Abin da zan faɗa shi ne, ke Ladi, ina ciki aka haife ki. Ba ni na yi miki huɗuba ba, ban ga ragon sunanki ba. Uwarki ta yi wankan jego mata suna shigowa barka suna yi mata jaje a lokaci guda. Kakanki na Paki ne ya tsaya a matsayina, Allah ya ji ƙansa, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ƙyauren kuwa tun ranar shari'a aka cire na daman daga gidanmu aka mayar wa mai gari. Dauda da kansa ya ɗauka.

Da aka sake ni ban bi ta gida ba. Na miƙe Paki da rigar da ke jikina. Surukina ya yanka mini gona a tudu, ƙasa mai tsakuwa, ba ruwan fadama, abin da sama ta ba ka shi ke nan. Na bar rabona na rake, na bar kayan aikina a rumfa, ban aika a kawo ba. Kun sha tambayata dalilin da ya sa muke nan alhali danginmu suna can. Dalilin ke nan. Shekarun farko mun sha wuya, uwarku ta yi daka a gidajen mutane, kuma ban taɓa jin ta ce da na haƙura ba. Sau ɗaya dai ta ce, "Malam, da ka bar na hagun." Na yi kwana biyu ban yi mata magana ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Inna takan zo duk bayan girbi da ƙullin daddawa da kuka. Takan ce Baba yana gaishe ni, in ce ina amsawa. Shekara huɗu ban taka garin ba. A ta biyar, farkon damina, ina gyaran garma a ƙofar gida da la'asar, sai ga Kawu Isa, ƙanen Inna, yana jan jaki, Baba a kai. Daga garinmu zuwa Paki ba ƙaramar tafiya ba ce ga mai ido ma. Na tashi na sauke shi, na ji ya zama kamar kara. Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, aka kawo Ladi ya shafa kanta. Kawu ya ce zai je masallaci, ya bar mu.

"Tanimu, ban manta ba," in ji Baba. "A gabana ya ce naka ne. Ina zaune a bakin rumbu, uwarku tana tsince wake."

Ya ci gaba.

"Ana gobe za a kai ni gaban alƙali, mai gari ya aiko. Ya ce fadamar da muke nomawa kakansa ne ya ba kakanku aro, in ina son a tuna da wannan, to. Na ƙirga bakin da ke ci a fadamar nan. Na ce ɗauri zai wuce, fadama in ta tafi ba ta dawowa."

Shekara huɗu ina shirya abin da zan faɗa masa, amma abin da ya fito daban ne.

"Baba, da ka aiko Kawu ya gaya mini. Da ka ce, Tanimu, ka ɗauki wannan saboda gida. Wallahi da na tsaya gaban alƙali na ce na yi kuskure, da na yi wata shida ma ban ji komai ba. Amma ka bar ni na kira ka shaida da bakina. Ka bar ni na ji a gaban mutane."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji kunyarka ne."

"Ba ka ji kunyar Yaya ba?"

"Shi ba a jin kunyarsa," in ji shi a hankali. "Kai ne ake ji."

Ban san abin da zan yi da wannan maganar ba, har yau ban sani ba. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, domin ɗa ba ya ce wa ubansa a'a a kan wannan, kuma ina roƙon Allah ya sa har zuciyata ne. Sai ya ce in tattara iyalina in koma gida, ɗakina yana nan, ya hana kowa shiga. Na tambaye shi ko Dauda zai tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya faɗa wa mutane cewa ni ba ɓarawo ba ne. Ya ce ba ya jin zai yi. Na ce to ni ma ba na jin zan koma.

Ya kwana biyu. Da safen da za su tafi na ɗora shi a kan jaki, na karɓi igiyar daga hannun Kawu na ja da kaina. Muka fita gari, muka ratsa gonaki, dawa ta fara kai gwiwa. Bai ƙara maganar komawa ba, sai tambayata yake irin da na shuka da yadda ƙasar take riƙe ruwa. Da muka kai rafin da ke kan hanya na tsaya. Ya ji jakin ya tsaya, ya ji ƙarar ruwa, ya miƙo hannu ya sami kafaɗata.

"Ba za ka haye da ni ba?"

"Nan zan tsaya, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Na miƙa wa Kawu igiyar. Ruwan bai kai ƙauri ba, da na haye ko wandona ba zai jiƙe ba. Na tsaya ina kallo har suka hau tudun can gefe, Baba bai sauke hannunsa daga inda ya bar kafaɗata ba sai da jakin ya yi tuntuɓe ya kama wuyansa.

Baba ya rasu kafin a yanke dawar shekarar. Dauda ya aiko mutum da keke ya gaya mini, amma sai da ya bari aka dawo daga maƙabarta sannan ya turo shi.